Kalmomi Tara da Rumbun Mahaifina

Ƙarfe goma sha ɗaya da minti ashirin na safiyar wata Litinin ne abin ya soma karkacewa. Na riƙe lokacin saboda malamarmu ta Turanci takan cire agogonta ta ajiye a kan tebur, ni kuwa a bencin gaba nake zama, ba don ƙwazo ba, sai don idona ba ya hango allo daga nesa. An kwana biyu sosai da yin wannan. Ina aji biyu a wata makarantar je-ka-ka-dawo a Isa, cikin bazarar da ta biyo bayan damina biyu da suka yi mana rowar ruwa a jere.

Malamar 'yar bautar ƙasa ce daga kudu, mai fara'a, mai son aikinta. Hausarta ba ta wuce "sannu" da "ina kwana" ba. Ranar ta shigo da 'yar robar ɗaure gashi, ta kama ta da yatsu ta ja, ta ja, har muka runtse ido muna jiran ta tsinke. Ta ce wannan shi ne miƙa abu da tsawaita shi. Sai ta sake ta, robar ta koma 'yar mitsitsiya a tafin hannunta. Ta ce aikin gida shi ne kowa ta nemo kalmomin Turanci biyar da ke nufin kishiyar miƙewa, ta sa kowace a jimla. Ta ƙara da sharaɗi ɗaya: kada a kwafo daga littafi, a rubuta abin da ido ya gani a gida.

Da aka tashi ta kira ni ta ba ni aron ƙamus ɗinta, don ta lura ni kaɗai ce ba na naɗe kunnen littafi. Na lulluɓe shi da gefen mayafina, na rungume shi kamar jariri har gida.

Ni a lokacin yarinya ce da ba ta magana. Idan baƙo ya yi sallama, ɗaki nake shigewa. Idan aka aike ni sayen gishiri, sai na maimaita abin da za ni faɗa sau uku a hanya, in na isa kuma murya ta maƙale. Amma ina gani. Na san wace kaza ce ta daina ƙwai, na san wane mataki ne ke motsi a tsanin gidanmu. Abin da bakina ya kasa, a takarda nake rama shi.

Mahaifina manomi ne, gero da dawa, kuma yana da suna guda da ya fi gonarsa daraja a wurinsa: gidanmu gidan da ba a awo ne. Tun zamanin kakana ba a taɓa ganin ɗan gidan ya tsuguna gaban mai sayar da hatsi a kasuwa ba. Geronsa zango ne, mai doguwar zangarniya, duk shekara har daga Kamarawa ake zuwa roƙon iri. Da yamma a ƙofar gidanmu dattawan unguwa suke shimfiɗa tabarma, a inuwar bishiyar bedi. Shekarar farko ta fari ya yi ta fitar da dami yana ba dangi da maƙwabta, yana cewa baɗi Allah shi mayar. Sai ta biyu ta zo ta fi ta farko. Zangarniyar da take kai tsawon hannu ta tsaya a taƙi guda, rabinta ma ƙaiƙayi.

Rumbunmu na laka ne, babba, bakinsa a sama, sai da tsani. A wurinmu mace ba ta leƙa rumbun mijinta, yaro ba ya tambayar abin da ya rage a ciki. Maigida ne ke hawa ya sauko da abin da ya sauko da shi, matar gida ta karɓa ta yi godiya. Ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya gaya mini wannan. Irin abin da ake sha ne a nono, ni kuwa da alama lokacin da ake shayar da shi hankalina yana kan littafi.

Kwana biyu na yi a kan aikin. An ce biyar, ni uwar iyawa na kawo tara. Ina zaune a gindin turmi da ƙamus a cinya, in sami kalma, in ɗaga kai in dubi tsakar gida, sai in ga jimlarta tana jirana. Ban taɓa yin aikin da ya zo mini da sauƙi haka ba.

Na sami "shorten", wato a gajarta abu, na rubuta cewa Inna ta gajarta tsohon zanenta, ta yanke gefensa an ƙulla a igiyar guga, don ruwan rijiya kullum ƙara nisa yake. Igiyar nan ita kaɗai ce ke ƙara tsawo a gidanmu a shekarar. Na sami "shrink", na ce malmalar tuwonmu da can sai da hannu biyu, yanzu tana ɓuya a tafi ɗaya. "Shrivel" na ba hantsar akuyarmu da ta yamutse kamar busasshiyar kuɓewa. "Narrow" na ba tabkin bayan gari, da ya tsuke har ɗan akuya yana tsallake shi. "Tighten" na ba tazugen wandon Baba, wanda ragowarsa ke reto har gwiwa in ya ɗaure. "Contract" ta ba ni wahala, ƙamus yana ta maganar ƙarfe da sanyi, sai na tuna ƙasar fadama da ta takure ta dare gida-gida. Biyu daga ciki na manta su, ban kuma damu in tuna ba.

Ta tara ita ce "dwindle", abu ya yi ta raguwa kaɗan-kaɗan har ya kusa ƙarewa. Ita na fi so, don haka na ba ta wuri mai faɗi. Na rubuta cewa da can Baba daga kan tsani yake miƙa hannu ya ɗauko dami. Yanzu sai ya shiga ciki gaba ɗaya, in ya yi tari rumbun ya amsa. Geron da yake fitowa da shi kuma ba zango ba ne, na kasuwar Bafarawa ne, wanda yake kawowa a kan jaki a ƙarƙashin kara.

Haka abin yake kuwa. Watanni ke nan duk ranar kasuwar Bafarawa yakan ce za shi gaida wani aboki marar lafiya, ya dawo wajen magariba da mangala lulluɓe da kara. Washegari ya hau tsani ya sauko da tsaba a ƙwarya, ya ce wa Inna, "Wanga tun da kaka na sa anka sussuke, don in hutar da ke." Inna ta durƙusa ta karɓa ta ce, "Allah shi ƙara arziki." Ni da nake tsince tsakuwa na ga ƙwayar ƙanana ce, launinta daban. A tunanina ni kaɗai na gano, har ina yaba kaifin idona.

Ranar Alhamis malama ta shigo da littattafanmu, nawa a sama. Ta ce a ajin nan mutum ɗaya ce ta fahimci abin da ake nufi da rubutu. Ta sa na miƙe. Can cikin raina wani abu yana rawa. Ta karanta da Turanci, a hankali, tana gyaɗa kai. Da a nan ta tsaya da sauƙi, don rabin ajin ba su bi ta ba. Sai ta ce abu mai kyau bai kamata ya wuce kowa ba. Ta kira monita, wadda ƙawata ce, unguwarmu ɗaya, ta ce ta fassara da Hausa, jimla bayan jimla.

An yi dariya a wurin akuya. An yi 'yar dariya a wurin tazuge. Da ƙawata ta zo ta tara, sai ta karanta a zuci tukuna, ta ɗago ta dube ni, ta dubi malama. Malama ta ce ta ci gaba. Ta faɗa da murya ƙasa-ƙasa, kamar mai sanar da rasuwa.

Can baya wata ta ce, "Ashe har su." Malama ta rubuta goma bisa goma da jan biro, ta ce a tafa mini. Aka tafa. Ban taɓa jin tafi mai sanyi irin wannan ba.

A hanyar gida ƙawata ta yi ta sauri kamar ba tare muke ba. Sai da muka wuce masu sayar da itace ta juyo.

"Ke wai lahiyarki ƙalau?"

Na ce, "Mi na yi?"

"Mi kinka yi? Ko mahaukaciyar bakin kasuwa ba ta hwaɗin abin da ke cikin rumbun ubanta. Kuma ni kinka sa na hwaɗa da bakina!"

"Malama ta ce abin da ido ya gani."

"To, mu makahi ne? Ni kin san abin da na rubuta? Rigata ta ɗage bayan wanki. Ko kina tsammani gidanmu ba abin rubutawa? Kwana nawa muna kwana da kunun dusa, kin ji na kai ma Malama? Sarauniyar ƙamus!"

A nan ne, a tsakiyar hanya, abin da kowace yarinya a ajin ta sani tun tana goye ya iso ni.

Washegari da sassafe matar maƙwabcinmu ta shigo da kanta, ɗauke da ƙwarya rufe da faifai. Ta ce, "Ga ɗan wanga a dama ma yara kunu." Matar da bara waccan ita ce ke karɓar dami a gidanmu. Inna ta yi godiya, ta raka ta har zaure, ta dawo ta kai ƙwaryar ɗaki. Ba ta dube ni ba, ba ta kuma yi mini magana ba.

Bayan sallar Juma'a mahaifina bai fitar da tabarmi ba. Da la'asar ya kira ni zaure. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba.

"Uwata, ɗauko mini takardar nan da anka karanta makaranta."

Na ɗauko.

"Zauna. Ni ban yi boko ba. Hwaɗa mini da Hausa, kada ki tsallake komi."

Na fara. A wurin zanen Inna ya ce a hankali, "Ashe daga nan ƙyallen ya hito." A wurin tazuge ya sunkuya ya tura ragowar cikin wando. Da na zo ta tara kuka ya ci ƙarfina. Bai lallashe ni ba, bai kuma tsawata ba. Jira ya yi, yana jan carbi, har na faɗa masa duka: tsanin, tarin, jakin, karan.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Baba."

"Nawa malama ta ba ki?"

"Goma bisa goma."

Ya gyaɗa kai. "Ta yi adalci. Babu ƙarya ko guda a ciki." Ya miƙo mini littafin da hannu biyu. "Tashi ki taya innarki aiki."

Da ya zage ni, da ya tsinko tsumagiya, da na sami inda za ni ajiye abin. Bai ba ni wannan ba.

Mako bai cika ba labari ya kai Sabon Birni, inda ƙanen mahaifina yake fataucin kanwa da gishiri. Mahaifina ne ya rene shi, shi ya yi masa aure. Mutumin kirki ne, amma Allah bai ba shi ƙaramar murya ba. Ya iso da rana tsaka, da buhun gero a kan amalanke, mutane suna zaune a ƙofofin gidajensu.

"Haba Yaya! Ina raye kana tahiya Bafarawa a ɓoye kamar wanda ya yi sata? Sai a bakin yara za ni ji? Ku kama mini, ku kama mini a shiga da shi!"

Ina leƙe ta kafar zana. Mahaifina yana tsaye a bakin zaure, hannuwansa a baya. Na ga ya dubi buhun, ya dubi mutanen da suka sunkuyar da kai. Ya ce, "Na gode. Allah shi bar zumunci." Ba a kai buhun rumbu ba. A ɗakin Inna aka jingine shi, ita ke ɗiba da kanta. Daga ranar tsanin ya kwanta a gindin katanga.

Kwana goma bayan haka mahaifina ya ce za shi Kurmi cin rani. Mutum mai furfura, wanda bai taɓa yin mako guda a wajen garinsu ba. Dattawa suka ce, "Malam, ruwa ya kusa, ka yi haƙuri." Ya ce zama ya ƙare. Ranar tafiya, bayan asuba, ya tayar da tsanin sau ɗaya, ya shiga rumbu ya fito da abin da ya rage a ciki: ƙullin zangarniyar iri, zaɓaɓɓu, waɗanda duk yunwar nan bai taɓa su ba. Ya ba Inna ya ce, "In ruwa ya riga ni, ku shuka." Ni kuma ya ce, "Uwata, ki riƙe karatu." Ya saɓa jakarsa ya fita.

Ruwa ya riga shi. Ni da Inna muka shuka, maƙwabta suka yi mana saran rami. Sai bayan noman farko ya dawo, ƙafafunsa a kumbure, da tari wanda ba irin na da ba. A bakin wasu muka ji cewa ga-ruwa ya yi a can, garwa biyu a kafaɗa, yana bin gidajen mutanen da ba su san ko wane ne shi ba. Shi bai taɓa ba da labarin ba. Daminar ta yi dama-dama, rumbu ya sami abin da ya samu, amma wasu ne suka hau suka zuba. Tabarmi ba su ƙara fita gindin bedi ba. Dattawa suka koma wata inuwar. Kafin kakar da ta biyo baya Allah ya yi masa rasuwa.

Har ya koma ga Mahaliccinsa bai canza mini fuska ba. Uwata nake, in na dawo makaranta ya tambayi abin da aka koya mana. Sau da yawa nakan shirya kalmomin neman gafara, in maimaita su sau uku a tsakar gida, in na isa bakin ɗakinsa murya ta maƙale, in ce ruwa na kawo masa.

Malama ta gama bautar ƙasarta ta tafi ba ta san komai ba. Ta bar mini ƙamus ɗin kyauta, yana nan a wurina har yau, bangonsa ya rabu. Ban taɓa jin haushinta ba. A inda ta fito wataƙila faɗin gaskiya irin wannan abin yabo ne, kuma ita taimakona take yi.

Yanzu ni ma koyarwa nake. Ina ba yara aikin gida iri-iri, amma ban taɓa cewa su rubuto abin da suka gani a gidajensu ba. Duk lokacin da darasi ya kawo mu kan kalmomin nan, nakan rubuta su a allo da sauri, in ba da misalin roba da rigar da ta ɗage. Ta tara ɗin nan kuwa, in na ci karo da ita a littafi, tari nake ji a cikin rumbu.

Ba na iya cewa ga darasin da na koya, cif. Wani lokaci in ce na koyi cewa ba duk abin da ido ya gani ne na baki ba. Wani lokaci kuma in tuna cewa buhun nan na Sabon Birni shi ya kai mu damina, ni da ƙannena, kuma ba don rubutuna ba da bai zo ba. Sai in rasa wanne za ni riƙe. Abin da dai ya zauna mini a ƙirji shekara da shekaru tambaya ce guda: ni na kori mahaifina daga ƙofar gidansa?

Sai da Inna ta tsufa, idonta ya yi rauni, na iya tambaya. Na je gida hutu, muna zaune a tsakar gida, ina tsince mata tsakuwa a gero kamar da. Ban maimaita komai a zuci ba wannan karon. Kawai na ji bakina ya ce, "Inna, takardar nan da na rubuta. Ita ta tona asirin Baba, ko?"

Ta ɗebi geron a hannu tana murzawa, kamar tana tambayarsa daga inda ya fito. Sannan ta ce:

"Ke ɗiyar nan, kina tsammani sabon labari kinka ba mutane? Ni ka surfa geron nan. Tun ƙwaryar hwarko na san ba namu ba ne, shi ma ya san na sani. Masu zama gindin bedi sun sha gamuwa da shi kasuwar Bafarawa, kowa da jakinsa, kowa ya kau da kai, da yamma su taru suna hirar aboki marar lahiya. Babanki bai riƙe ki ba. Cewa ya yi, yarinyar da anka aika ta koyo gani, ba a dukanta don ta gani. Duk garin nan zane guda munka luɓa, gajere, kowa na ja shi ruhe ma ɗan'uwansa, ko Allah shi sa ya kai mu ruwan hwarko. Ke ba ki yaga shi ba. Kin dai auna shi gaban mutane, kinka hwaɗi tsawonsa."